Kaset ɗin Kano da launi, na Télé Sahel baƙi da fari: ina matsalar take?

Nana Hadiza: Salamu alaikum ƴan zaure. Tambaya ce ga masana. Akwai kwali guda na tsofaffin kaset ɗin bidiyo da faya-fayan CD da ake so a juye su cikin kwamfuta. Kashi uku ne: fina-finan Kano na zamanin kaset, ƴan fina-finan Indiya, sai waɗanda aka naɗa a gida daga Télé Sahel, gidan telen Nijar, galibinsu wasan kwaikwayo irin na su Yazi Dogo. Abin da ya ɗaure kai shi ne, bidiyo guda, tele guda, waya guda, amma na Kano suna fitowa da launinsu, na Télé Sahel kuwa baƙi da fari. Kaset ɗin ne suka mutu ko na'urar ce? Kuma da wanne ya kamata a fara?

Malam Mutari: Wa alaikumus salam. Ƴata, kaset ɗin ba su mutu ba. Launin yana nan kwance cikin zaren, na'urar ce ba ta iya karanta shi. Najeriya da tsarin PAL take aiki, mu kuwa nan Nijar da SECAM gidan tele yake watsawa a lokacin, kamar yawancin ƙasashen da Faransa ta raina. A wajen hoton kansa hanyarsu ɗaya ce, layi 625 da hoto 25 a kowace daƙiƙa, shi ya sa kike ganin mutane sarai kuma kina jin murya. A wajen launi ne suka raba gari.

Sannan akwai wani ƙulli. SECAM ɗin ma hanya biyu ake naɗa shi a kaset. Bidiyon da aka ƙera don kasuwar Faransa yana da tasa hanyar, waɗanda aka ƙera don ƙasashen Larabawa da Afirka kuma da MESECAM suke naɗawa. Kaset ɗin da aka naɗa da wannan, in aka sa shi a wancan, baƙi da fari zai ba ki. Ki duba goshin na'urar ko takardar da ke manne a bayanta. In PAL kaɗai aka rubuta, ko shekara za ki yi kina murɗe-murɗe ba za ta ba ki launi ba.

Lawali: Baba Mutari, a ƙara da wannan: wani lokaci bidiyon yana fitar da launin, telen ce ba ta karɓa. Wasu daga cikin sababbin tele masu faɗin nan ba su gane SECAM ta ramin waya mai ruwan ɗorawa. Kafin a yanke wa bidiyon hukunci, a shiga saitin telen a nemi wurin tsarin launi, in akwai SECAM a zaɓe shi da hannu maimakon a bar shi ya zaɓa da kansa. Ko kuma a gwada da tsohuwar tele mai ƙusumbi wadda aka saya nan gida.

Sani: To ta yaya za a gane ko SECAM na Faransa ne ko MESECAM a jikin kaset ɗin?

Malam Mutari: Ba a ganewa da ido, babu alama a jikin kaset. Sai gwaji. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi bidiyo cikin kayan da ake kawowa na hannu daga Faransa, wanda aka jera PAL, SECAM da MESECAM duka a goshinsa. Za ka gane irinsu da babban ramin nan na baya mai haƙora 21, peritel. A sayi ɗan kan da ke maida peritel zuwa waya uku, ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na murya, kuma a lura da makunnin da ke jikinsa, a sa shi ɓangaren fitarwa. Da yawa suna barin shi ɓangaren shigarwa su ce na'ura ta mutu. Sabo kam kada a wahalar da kai, kamfanin Funai na Japan shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, kuma ya daina tun 2016.

Alhaji Isufu: Tambayarki ta biyu ta fi ta farkon nauyi, Nana. A fara da na Télé Sahel, sai na Kano, na Indiya su zo ƙarshe ko ma a bar su. Dalili: fim ɗin Indiya yana da uwar kwafi a ƙasarsu, kuma suna da masu gyara ta. Dubi Sholay na 1975. An gyara shi tsaf aka nuna shi a birnin Bologna na Italiya a watan Yunin 2025, har da ƙarshensa na asali inda Thakur ya kashe Gabbar, wanda hukumar tace fina-finan Indiya ta sa aka canza tun wancan lokaci zuwa ƴan sanda su kama shi. Kaset ɗin da ke cikin kwalinki ba zai taɓa kamo ƙafar wannan ba. Ga shi fim ɗin ya haura awa uku, ga shi an yi shi ne don faffaɗan allon silima, kaset kuwa datse gefe da gefe ake yi don ya cika tele, har ka ga mutum biyu suna magana amma hancin ɗaya kawai ya shigo.

Wasan da aka naɗa daga gidan tele kuwa, ba kaya ne da aka buga dubbai aka kai kasuwa ba. Mai yiwuwa ne kwafin da ke hannunki yana cikin ƴan kaɗan da suka saura a hannun mutane. Har labarai da tallace-tallacen da suka shiga tsakani kada a yanke su, su ne za su nuna shekarar da aka naɗa.

Habu: Ranka ya daɗe, ni fa ina ganin wahala ce kawai game da na Kano. Duk suna YouTube. Ka rubuta Sangaya ko Wasila yanzu ka gani.

Hajiya Rabi: Habu ƙanena, ka ambaci biyu da kowa ya sani. Masana'antar nan da Turmin Danya ta fara a 1990, na ƙungiyar Tumbin Giwa. Sangaya bai zo ba sai 1999, shekarar da mujallar Fim ta fara fitowa, shekarar kuma da sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa. Tsakanin nan da lokacin da CD ya kori kaset an yi fina-finai birjik, kuma waɗanda ba su yi tashe ba babu wanda ya damu ya ɗora su. Waɗanda aka ɗora ɗin ma ka duba su da kyau. Wani an yanke waƙoƙin, wani an yanke sunayen ƙarshe, wani an manna tambarin tasha ya rufe kusurwa guda, wani kashi na ɗaya ne kawai babu na biyu. Ga finafinan Ibro na farko-farko, ga na Ahmad S. Nuhu wanda ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007, Allah ya jiƙansu. Mai neman aikinsu cikakke, da sunan kamfani da na darakta da na mawaƙa, sau da yawa sai ya koma kan kaset da kwalinsa.

Kuma a san wani abu. Kaset ɗin da ake sarowa daga Ƙofar Wambai a shigo da su ta Daura da Matamaye, daga bidiyo zuwa bidiyo ake buga su. Kowane juyi yana rage kaifin hoto ya ƙara dishi-dishi. Wanda aka saya cikin kwalinsa na kamfani ya fi kusa da uwar kwafi, wanda mai shagon haya ya sake juya wa kansa ya fi nisa. In fim ɗaya ya zo sau biyu a cikin kwalin, a ɗauki mai kwalin kamfani.

Habu: Na ji wannan, Hajiya. Amma ai akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke maida tsohon hoto ya koma garau. Sai a sauko da na YouTube a wanke shi.

Lawali: Ba wankewa suke yi ba, zane suke yi. Kaset ɗin VHS kaifinsa bai wuce misalin layi 240 ba. Abin da babu shi a cikin zaren, manhajar hasashensa take yi ta cike gurbin. Sai ka ga ta share wa dattijo tsagen fuskarsa don ta ɗauka datti ne, ta sa wa kowa haƙora iri ɗaya, aikin hula da na babbar riga ya koma wani abu daban. In mutum yana so ya yi don nishaɗinsa, bismilla, amma ya ajiye na asalin a gefe bai taɓa shi ba.

Malam Mutari: Kafin a kai ga kwamfuta, a tsaya a kan kaset ɗin tukuna, don nan ake ɓarna. Kada a ɗauko kaset da ya shekara 20 a ajiye a cusa shi kai tsaye.

Da farko a ɓalle ɗan harshen robar nan na bayansa, in yana nan. Muddin yana nan, yaro ya danna jan maɓalli an shafe abin da ake son cetowa. Sai a leƙa ta tagar gilashin. In an ga farin gari ko zare-zare kamar auduga a gefen naɗin, fumfuna ce, damina ce ta kama shi a ɗaki mai laima. Wannan a ware shi daban, kada ya shiga na'ura mai kyau, don zai toshe kan da ke karanta hoto kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A danna ɗan maɓallin gefe a ɗaga murfin gaba a ga zaren: in ya yamutse ko gefensa ya yi tattara, wurin zai yi tsalle, babu makawa. Kaset ɗin da aka duba aka ga lafiyarsa lau, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya ba tare da an kunna hoto ba, don naɗin ya saki jiki.

Ita ma na'urar a gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. In ta tauna zare, galibi ɗaya cikin uku ne: bel ɗin roba ya saki saboda zafi, ko tayar robar da ke matse zare ta ƙandare ta yi santsi, ko ɗan makunnin da ke gaya wa na'ura matsayin da take ciki ya yi datti. Na ukun shi ne ke sa bidiyo ya karɓi kaset ya tofo shi, ko ya mutu da kansa bayan ƴan daƙiƙu. Wankewa kawai yake so, ba canji ba.

Nana Hadiza: Baba, wankin kan fa? An ce akwai kaset na musamman da ake sawa ya wanke.

Malam Mutari: Bar wannan kaset ɗin, busasshensa kankare kan yake yi. Da hannu ake yi. A zare waya daga wuta, a kwance murfin sama. Za ki ga ganga mai sheƙi a karkace. Kawunan ƴan mitsi-mitsi ne a ƙasan rabin gangar na sama, wanda ke juyawa. A yanki farar takarda mai tsabta, a ɗiga mata alkol mai ƙarfin 90 ko sama, na 70 ruwa ya yi masa yawa. A dafa takardar a jikin gangar da yatsa ɗaya, a hankali, a juya gangar da ɗaya hannun zagaye uku ko huɗu. Takardar ba ta motsi, gangar ce ke juyawa. Kada a kuskura a goga sama da ƙasa, nan take kan yake karyewa, kuma in ya karye na'urar ta tashi aiki. Kada a sa auduga a nan, zarenta yana maƙalewa. Auduga sai a kan tsayayyen kan murya da sandar ƙarfen da ke jan zare. A sake da sabuwar takarda har ta daina baƙi, a bari minti goma ya bushe. In aka sa kaset da sauran danshi, zaren zai manne wa gangar ya naɗe.

Alamar kai mai datti ita ce murya na fita lafiya amma hoto ya zama yayyafi ko allo ya yi shuɗi. In kuwa layi ne ke yawo a ƙasa ko a sama, wannan saitin tirakin ne, da maɓallin rimot ake daidaita shi. Lokacin hunturu da ƙurar nan tamu, a riƙa rufe na'urar da zane in ta huce.

Lawali: To ga ɓangaren kwamfuta. Ana buƙatar ɗan akwatin da ke karɓar waya ukun nan ya shiga ramin USB. Kafin a biya kuɗi a karanta kwalinsa a tabbatar an rubuta SECAM, don in ba haka ba matsalar da Nana ta fara da ita za ta dawo a kwamfuta ko da an sami bidiyon da ya dace. Wata dabara ita ce a ratsa da hoton ta cikin na'urar naɗar DVD ta kasuwar Faransa, tana karɓar SECAM ta fitar da PAL, kuma wasunsu, irin Panasonic ES10 da ES15, suna daidaita rawar da layukan hoto ke yi.

A manhajar naɗi, ko OBS ko wadda ta zo da akwatin, a sa girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, murya 48 kHz. Siffar hoton 4:3 ce, a bar ta haka da baƙin shafi dama da hagu. Masu jan hoto ya cika allo su ne ke sa Ali Nuhu na Sangaya ya koma gajere mai ƙiba. In murya ta fito ta kunne ɗaya kawai, kaset ɗin mono ne, a saita manhajar ta raba ta biyu.

Lissafin wuri: in aka naɗa da tsarin matse bidiyo na H.264 a kan megabit 4 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin kimanin giga 1.8. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, ke nan giga 5 da ɗoriya. A nan ake faɗawa rami, don kile, wato filas ɗin USB, ko katin memori da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Sai ya ce babu wuri alhali wuri na nan. A maida shi exFAT, ko in tsohuwar tele ce da ba ta karanta exFAT, a raba fayil ɗin biyu. Diski mai tera 1 zai ɗauki sama da awa 500 a wannan ma'aunin. Mai son uwar kwafi ta gaske ya naɗa da tsarin DV, shi kuma giga 13 yake ci a awa.

Abu biyu ke yawan lalacewa. Na ɗaya, murya ta riga baki ko baki ya riga murya, kuma tazarar tana ƙaruwa yayin da fim ke tafiya. Kwamfutar ce ke zubar da hotuna saboda nauyi ya yi mata yawa, ko zaren ya yi tsalle. A rufe duk wata manhaja, a soka akwatin kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta mahaɗa ba. Na biyu, in mutum ya motsa sai gefen jikinsa ya yi kamar haƙoran matsefi. Wannan ba lalacewa ba ce, haka hoton tele yake, rabi-rabi ake aiko shi. A manhajar HandBrake akwai wurin gyara shi a kwafin kallo.

Kuma aikin nan ba ya gaggautuwa. Kaset na awa uku, awa uku zai ci. In wuta ta ɗauke a tsakiya, fayil ɗin MP4 yakan mutu gaba ɗaya, don haka a naɗa da MKV, shi ko an yanke abin da aka samu yana nan. Bidiyon ba ya cin wuta sosai, ƙaramin ondilar, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, ya ishe shi, kuma yana hana zare ya maƙale a ciki.

Sani: Faya-fayan CD ɗin fa, su ma ta akwatin za a bi da su?

Lawali: A'a, kuskure ne babba. Abin da ke cikin faifai ya riga ya zama fayil, kwafe shi kawai ake yi. In VCD ne, a buɗe shi a kwamfuta, a shiga jakar MPEGAV, a kwashe fayilolin da ke ƙarewa da DAT, irin AVSEQ01. Manhajar VLC tana buɗe su yadda suke. Girman hotonsu 352 da 288 ne, faifai ɗaya minti 74 zuwa 80, kuma duk wanda ya sake matse su ya ƙara rage abin da dama bai da yawa. In DVD ne, a kwashe jakar VIDEO_TS ɗungurungum. Faifan da ya tsaya a tsakiyar kwafi, a gwada manhajar IsoBuster ko ddrescue, suna tsallake wurin da ya lalace su ci gaba, kuma a gwada a kwamfuta biyu ko uku don idanunsu ba ƙarfi ɗaya ba ne.

Habu: Man goge baki fa? Kowa ya san yana gyara faifan da ya ƙarje.

Malam Mutari: Yakan yi, yakan kuma ƙarasa shi. Abin da yake yi shi ne ya ɗan kankare robar ƙasa har bakin ƙarcen ya kwanta. In ƙarcen mara zurfi ne a ɓangaren mai sheƙi, ana iya dacewa. Amma a fara da ruwa da ɗan sabulu, don rabin faya-fayan da ake cewa sun ƙarje maiƙon hannu ne da ƙura. A goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba zagaye ba. Ƙarcen da ya bi zagaye yana bin layin bayanan ne ya shafe mai tsawo, wanda ya ratsa kuwa na'ura tana iya cike gurbinsa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba: a CD, bayanan suna can sama ne, dab da ɓangaren da aka buga hoton ƴan wasa. Ka ɗaga faifan ka duba ta hasken rana, in ka ga haske na ratsowa ta ƴan huji, wurin ya tafi, babu man da zai dawo da shi. DVD kuwa bayanansa a tsakiya suke, tsakanin roba biyu, shi ya sa ya fi jure ƙarce amma yake ɓarewa daga ramin tsakiya in ana lanƙwasa shi wajen cirewa. Sannan in na'ura tana karanta DVD amma ta ƙi VCD, kada a zargi faifan. Haske biyu ne a cikin idonta, kowanne da nasa, ɗaya yakan mutu ya bar ɗaya.

Hajiya Rabi: A kan DVD ɗin nan masu fim goma ko ashirin a faifai guda, kada a ɓata lokaci. Faifai giga 4.7 ne, in ka raba wa fim goma kowanne bai kai mega 500 ba. Haka waɗanda masu turawa a waya suka matse. Kuma in za a aika wa wani abin da aka juye ta WhatsApp, a aika shi a matsayin takarda, yana ɗaukar har giga 2 bai taɓa shi ba. In aka aika a matsayin bidiyo, matse shi zai yi.

Alhaji Isufu: Tunda an zo kan faya-fayai, masu sayo na asali daga waje su lura da shiyya. DVD na Faransa shiyya ta 2 ne, mu da Indiya muna ta 5, Amurka ta 1. Yawancin ƙananan na'urorin da ke kasuwar Dole ta nan Damagaram ba su damu da wannan ba, amma masu manyan suna sukan ƙi. A Blu-ray kuma rabon ya canza: mu da Turai B, Indiya C, Amurka A.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne fina-finanmu na Nijar, don wanda ya same su a faifan asali ya sami abin riƙewa. Oumarou Ganda ya fara ne da fitowa a Moi, un noir na Jean Rouch a 1958, sannan ya yi nasa, kuma Le Wazzou polygame shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO, Dokin Yennenga, a 1972. Zalika Souley tana ciki. Moustapha Alassane yana yin fim ɗin zane mai motsi tun shekarun 1960. Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani ne, wanda ya yi zamansa a garin nan, ko da yake a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma ya ci Dokin Yennenga a 1987. Ga Si les cavaliers na Mahamane Bakabé, kan abin da ya faru tsakanin fadar Damagaram da Turawa a 1906. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗo cikin abin da aka naɗa daga tele, a sa shi sahun gaba.

In kuma wani ya ci karo da gwangwanin fim na silima, mai faɗin milimita 16 ko 35, kada ya ce zai haska shi. In ya buɗe ya ji tsami kamar na binegar, robar ta fara ruɓewa, a raba shi da sauran. Irin wannan aikin ƙwararru ne. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, an ɗauka ya ɓata, sai aka gano gwangwanayensa a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Habu: To in an gama juyewa sai a buɗe tasha a ɗora, kowa ya amfana.

Hajiya Rabi: Nan kuma sai a yi hattara. Juye kaset ɗinka don kada ya mutu daban, ɗora shi a tasha ana samun kuɗin talla daban. Fina-finan nan suna da masu su, wasu suna raye, wasu magadansu na nan, wasan gidan tele kuma gidan telen yana da haƙƙi a kai. A nan Nijar BNDA ce ke kula da haƙƙin mallaka. Abin da ya fi kyau, in an sami fim ɗin da ya yi wuya, a nemi kamfanin a ba su kwafi, wani furodusan shi kansa ba shi da nasa. Sababbi kuwa babu ma hujjar ceto. Labarina da Izzar So suna tashoshin masu su, kallo a can shi ne biyansu. Haka Zinder na Aïcha Macky, 2021, da ta ɗauka a Kara-Kara, ko Zin'naariyâ na Rahmatou Keïta, 2016, wanda Nijar ta fara aikawa gasar Oscar da shi. Waɗannan a neme su ta hannun masu su.

Nana Hadiza: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Saura ajiya. In an juye, a zubar da kaset ɗin?

Malam Mutari: Kada a zubar. Gobe ana iya samun na'urar da ta fi ta yau a sake juyewa. A maida kowanne farko, a sa shi cikin kwalinsa, a jera su a tsaye ba a kwance ba, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, don zafin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin kwano yana lanƙwasa faifai ya sa zare ya manne. A ɗaga su daga ƙasa saboda gara, ita kwalin take bi.

Lawali: Kwalayen ma a ɗauki hotonsu gaba da baya, in da sikana a sa 300 dpi, a ajiye tare da fim ɗin a jaka ɗaya mai sunan fim da kamfani da shekara. Fayilolin kuma a yi kwafi biyu a diski biyu, ɗaya a wani gida. Kile da katin memori na kai-da-kawo ne, ba na ajiya ba, in sun daɗe ba a soka su ba sukan zubar da abin da ke ciki. Sabon kile kuma a gwada shi da manhajar H2testw kafin a yarda da shi, akwai na jabu da aka rubuta giga 64 alhali cikinsa 8 ne, yana karɓar fayil lafiya sai an zo buɗewa a tarar da wofi.

Sani: Baba Mutari, tambaya ta ƙarshe. Wasu kaset ɗin gida in an sa su mutane na gudu-gudu, murya kamar ta yara. Shi ma SECAM ne?

Malam Mutari: A'a, wannan da LP aka naɗa shi, wato rabin gudu, don kaset na awa uku ya ɗauki awa shida. Masu naɗa daga tele sun yi haka da yawa don tsimin kaset. Na'urar da kake gwadawa SP kaɗai ta sani, mai kai biyu ce. Ka nemi wadda aka rubuta SP/LP a goshinta, galibi mai kai huɗu. Kuma ka sa ran sai ka riƙa bin tirakin da hannu, don layukan LP sirara ne, na'urar da ba ita ta naɗa ba da ƙyar take hawa kansu daidai. Lawali, a lissafinka na wuri sai a ninka wa irin waɗannan, awa shida zai kai giga 11.